Mai Dariya da Kaza Mai Kwanci

A wani ƙauye an yi wata yarinya da ba ta iya riƙe dariya. Rannan shirwa ta ɗauke uwar 'yan tsakin yarinyar, sanyi zai kashe su.

Kakarta ta ce, "Ga baƙar kaza can tana kwanci kan baragurbi. Zare ƙwai, ki tura tsako. Amma ke sarkin ƙyalƙyala, in ta firgita, caccake su za ta yi."

Yarinya ta zare, ta tura. Dariya ta taso, ta toshe baki, ta ruga bayan rumbu ta taka rawa. Ta dawo, ta zare, ta tura, ta ruga, har suka ƙare.

Can sai ga ɗan kan tsako ya leƙo ta ƙarƙashin fiffike, kaza ta gyara masa kwanciya.

Kaka ta ce, "To, saki abarki!"

Yarinya ta saki dariya, har maƙwabta sai da suka leƙo.