Jakar Injiniya

Injiniya ba injiniya ba ne, kuma kowa ya sani. Mai kula da sito ne a wani kamfanin kayan gini, daga safe zuwa la'asar yana tsakanin buhunan siminti da bandiran kwano. Sunan ya samo shi ne daga aikin da yake yi bayan an tashi, wato haɗa wutar sola a gidajen mutane. Da an rufe sito sai ya saɓa baƙar jakarsa ta kayan aiki, mai filaya da sukudireba da tasta da salatif, ya hau babur, ya nufi rufin wani. Hannunsa na da kyau, wannan ba zan hana shi ba. Abin da ya rasa shi ne jikin da zai ɗauki aiki biyu.

Taura biyu ba ta taunuwa, amma shi ya rantse sai ya tauna. A ofis gyangyaɗi yake yi a kan teburi har manaja ya yi masa kashedi. A gidan wani attajiri barci ya ɗebe shi, ya juya wayoyi, inbata, na'urar da ke juya wutar batir, sabuwa fil ta ƙone. A gida kuwa an sha cire masa hannu daga kwanon abinci yana minshari.

Mutum uku ke jiransa kullum: Inna da ta haife shi, da matarsa, da 'yarsu ɗaya tilo da ake kira 'Yar Baba. Suna da wata ɗabi'a da ba wanda ya san ranar da ta fara. Da sun ji ƙarar babur sai a yi rige-rigen karɓar jakarsa a bakin ƙofa. Inna ce ta fi cin gasar, don a nan take shimfiɗa tabarmarta.

"Kawo, ɗan nan," haka take cewa. "Kafaɗar nan ba ta ƙarfe ba ce."

"Inna, zamba kike yi!" in ji 'Yar Baba. "Ke a ƙofar kike kwana."

Direban kamfani ne ya tarar da shi wata rana yana barci a tsaye, ya jingina da buhunan siminti. Ya dube shi ya ce, "Injiniya, akwai wani mutum. Ba na ce ka je ba fa. Na dai ce akwai shi."

Injiniya ya je. Da tsakar rana ma, a lokacin cin abinci, don ba shi da wani lokacin.

Wurin bayan wani tsohon shagon injin niƙa ne da aka daɗe da rufewa. Ɗakin ba taga. Tsohon gari ya daskare a bango ya yi baƙi, ga warin fata da na tsohon gumi. Da idonsa ya saba da duhun sai ya ga abin da ke rataye a rufi. Jakunkuna ne. Jakar makaranta, jakar kasuwa, jakar likita, ta tela da awon ɗinki na leƙowa. Babu iska a ɗakin, amma duk suna lilo a hankali. A ƙarƙashinsu wani siririn boka na zaune a kan dutsen niƙa. Tun da Injiniya ya shigo bai ga ya ƙifta ido ba.

"Kuɗi kake so," in ji bokan.

"Kuɗi na san hanyarsu. Aiki na nan birjik, ni ne ba na iyawa. So nake in daina gajiya."

"Duk ɗaya ne. Miƙo jakar."

Bokan ya jawo wani tsiri na busasshiyar fata daga cikin tukunya. Ya ce fatar gadon bayan jaki ce, jakin da ya mutu da kaya a kansa. Ya sa Injiniya ya goge gumin goshinsa da ita, da na wuyansa, da na hamatarsa. Ya tsige masa gashin ido guda, ya naɗe a ciki. Sannan ya farke maratayin jakar, ya cusa fatar, ya ɗinke da baƙin zare, yana wani gunaguni da ba da mutum yake yi ba. Jakunkunan da ke sama suka tsaya cak har ya gama.

"Daga yau gajiyarka a nan za ta riƙa taruwa. A waje ka ajiye ta inda ka so. Amma a ƙofar gidanka kada ka sauke ta da hannunka. Sai an karɓe ka."

"Wannan mai sauƙi ne."

"Ba ɗan aike ba, ba wanda ka biya ba, ba wanda ka umarta ba. Sai wanda ya ji tausayinka ya miƙo hannu da kansa."

Injiniya ya ce, "Shi wanda ya karɓa fa, me zai same shi?"

"Kai me ke samunka in ka gaji?"

"Barci."

"To."

"Nawa zan biya?"

"Ba kai za ka biya ba."

Na sha jin masu kare shi suna cewa bai gane ba. Ƙarya ne. Mutumin da ya san cewa wuta ba ta ɓacewa, sai dai ta bi wata waya, ya san gajiya ma haka take. Ya gane sarai. Ya dai duba agogo, ya ga lokacin komawa sito ya yi, ya ɗauki jakarsa ya fita.

Abin ya ci. A ofis ya zama shi ne farkon zuwa, idonsa tar. Da yamma ya gama gida biyu, wani lokaci uku. Ya daina kuskure. Sunansa ya zaga, waya ba ta hutawa. Ya kama shago, ya sayi mota, ya rushe katangar gida ya ɗaga bene. Aikin siton ma bai bari ba, don me zai bari tunda ba ya jin komai? Matarsa ta ce ya riƙa hutawa ko ranar hutu ce. Ya ce hutu na masu gajiya ne.

Inna kuwa sai barci. Da ta karɓi jaka ta kai ɗaki, sai ta dawo tabarma ta kwanta. Tun tana tashi da hantsi har ta koma sai azahar. Tana cikin magana kanta zai langaɓe. Kafaɗarta ta dama ta yi wata kanta mai kauri, tsohuwar da ba ta ɗaukar ko bokiti. Aka kai ta asibiti, likita ya ce jikinta kamar na mai aikin ƙarfi, a rage mata wahala. Matar Injiniya ta ce, "Wace wahala? Ko tsintsiya ba na bari ta taɓa."

Wata safiya aka tashe ta ba ta tashi ba.

Injiniya ya tsaya a kan gawar mahaifiyarsa yana jiran kuka ya zo. Bai zo ba. Ya laluba cikin ƙirjinsa, ya ji wayam. Ashe inda gajiya ke zama a jikin mutum, a nan tausayi ma yake zama, kuma bokan bai tsaya tsincewa ba. Ana zaman makoki wayarsa na kaɗawa a aljihu, shi kuma yana lissafin batir nawa gidan da ke jiransa zai ci. Mutane suka ce kai, bawan Allah nan akwai tawakkali.

Sai matarsa ta gaji Inna a ƙofar. "Sannu, Baban 'Yar Baba. Kawo."

Ita da yake da sauran ƙarfinta, ba ta kwanta ba. Gajiyar ta hau mata kai. Ta fara mantuwa, ta bar tukunya a wuta har ta ƙone. Ta fara firgita tana cewa za ta faɗo daga rufi, matar da ba ta taɓa taka tsani ba. Wata rana 'Yar Baba ta dawo daga makaranta ta same ta a tsakar gida ta tsinke igiyar shanya, tana feɗe ta da haƙori tana murɗawa, yatsunta duk jini.

"Mama, me kike yi?"

"Ja da ja, baƙi da baƙi," in ji ta, ba ta ko ɗago ba. "Matsa, mai gida na jira, ban gama ba."

'Yan'uwanta suka zo suka tafi da ita. Ƙanwarta ta zauna a gidan don kula da yarinya. Ita ƙanwar ba ta taɓa miƙa hannu ga jakar ba, don ba ta ga abin tausayi a jikin mutumin da ko duba yayarta bai je ba. Saura mutum ɗaya ke nan a duniya da ke gudu in ta ji ƙarar motarsa.

Ranar da ya lura da haka ya koma bayan injin niƙa. Ba don zuciyarsa ta motsa ba. Lissafi ya yi, ya ga wanda ya rage.

"A kwance abin nan," ya ce.

"Kai za ka kwance," in ji bokan. "Je ƙofar gidanka ka sauke ta da hannunka. Abin da ke ciki zai koma inda ya fito."

"Zan mutu?"

"Wataƙila. Wataƙila ka yi shekara a kwance. In ka yi yau, da sauƙi. Kullum ƙaruwa take."

"Aikin fa?"

"Aiki ya ƙare."

A lokacin yana da kwangilar wani rukunin gidaje, mafi girma da ya taɓa samu. Ya dubi jakar, ya dubi ƙasa.

"Bari in gama wanda ke hannuna."

Bokan ya ɗaga kai ya dubi rufi, inda wata ƙusa take ba komai a jikinta.

Dabarar da Injiniya ya yi ita ce ya daina zuwa gida. In bai taka ƙofar ba, ba mai karɓa. Daga sito sai wurin kwangila, daga can sai shago. Makonni suka shuɗe. Jakar ta fara nauyi, har maratayin ya ci masa riga, amma jikinsa garau. 'Yar Baba kan kira shi da wayar ƙanwar uwarta.

"Baba, yaushe za ka dawo?"

"Na kusa."

"Jiya ma haka ka ce. Na iya karanta agogo yanzu. In nuna maka?"

"Ana kira na. Sai anjima."

Ana gab da gamawa sai aka nemi takardun garantin batiran, su kuwa suna gida cikin durowa. Ya ce a ransa minti biyu ne, kuma yarinya na makaranta. Ya ƙudurta ba zai saki jakar ba, zai shiga da ita ya fito da ita. A mota ma bai bar ta ba, don hannunsa ya saba, da ya buɗe ƙofa sai ya saɓa. Abin da bai sani ba shi ne an yi hutun makaranta tun makon da ya wuce. Ina zai sani?

Yana taka bakin ƙofa waya ta yi ƙara. Mai kwangila ne. Ya ɗauka, ya maƙale ta tsakanin kunne da kafaɗar hagu, yana laluben makulli.

"Ranka ya daɗe. E, yau ɗin nan. A'a, ba za a kai gobe ba."

Ya ji takun gudu. Ya ji ƙananan hannaye a maratayin. Kafaɗarsa ta dama kuwa ta yi abin da ta shekara tana yi a wannan ƙofar ba tare da ta tambaye shi ba. Ta sunkuya.

"Na riga kowa!" in ji 'Yar Baba. Sai ta ɗan yi tangaɗi. "Kai, Baba, yau da nauyi."

Ta rungume jakar da hannu biyu ta ja ta har tsakar gida. Ta zauna a inda Inna ke shimfiɗa tabarma, ta ce bari ta ɗan huta. Ta ɗora kai a kan jakar.

Mai kwangila na ta magana a kunnensa. Injiniya na tsaye yana kallon 'yarsa, bakinsa na cewa, "To, ranka ya daɗe. To." Sai da mutumin ya gama ya kashe wayar, sannan ya taka ya je ya taɓa ta. Ba rai. Gajiyar ƙato ta makonni ba abin da jikin yarinya zai ɗauka ba ne.

Ƙanwar matarsa ta fito ta ƙwalla ƙara, maƙwabta suka cika gidan. Shi kuwa ya zare jakar daga ƙarƙashin kan yarinyar, ya koma bakin ƙofa, ya saɓa ta, ya sauke ta ƙasa da hannunsa. Ya tsaya yana jiran abin ya faɗo masa, ya kashe shi ko ya kwantar da shi. Ba abin da ya zo. Jakar sakayau take, an riga an kwashe.

Sauran ba shi da tsawo. Aiki ya ƙare kamar yadda aka gaya masa. Ya hau rufi ya rasa wace waya ke zuwa ina. Aka ƙwace kwangilar, kamfani ya sallame shi, shago da mota suka bi. Matar tana can gidan iyayenta tana murɗa igiya. Har yau ba wanda ya ga hawayensa, ba don ƙarfin hali ba, don babu ne.

Kai mai aiki biyu, kai mai uku, ban ce kada ka nema ba. Nema wajibi ne. Amma gajiya ba abokiyar gaba ba ce, ita ce ke cewa ya isa, tashi ka tafi gida. Wanda kwaɗayi ya kai shi ga mai cewa zai ɗauke masa ita kyauta, to ya tsaya ya tambaya a kan wa za a sauke. Ba a kan maƙiyinka ake saukewa ba. Maƙiyi ba ya tarar ka a ƙofa.

Injiniya na nan a benen da ya gina, ba wuta a ciki. Kullum da yamma yakan saɓa jakar, ya taka zuwa ƙarshen layi, ya juyo. In ya iso bakin ƙofarsa sai ya tsaya, ya sunkuyar da kafaɗar dama, ya jira.