Jinkar Rumbun Iya Rifkatu

Can da daɗewa, a wani ƙauye, an yi wata tsohuwa, Iya Rifkatu. Wata rana maƙwabcinta Irmiya ya cinna wa ciyawa wuta garin farautar gafiya, wutar ta cinye rumbunta ƙurmus. Tun daga nan kowa ya juya masa baya, ko a coci ba mai zama kusa da shi.

Jama'a suka gina mata sabon rumbu. Ranar ɗora jinka Irmiya ya raɓo, aka kore shi.

Iya Rifkatu ta zauna a bakin jinkar, ta ce, "Ba a ɗaga ta sai da hannun Irmiya."

Dattijon coci ya ce, "Iya, shi fa ya ƙona miki hatsi."

"Na sani. Ni ma kullum ina roƙon Yesu gafara, bai taɓa korata ba. Ba a ɗaga ta sai da hannun Irmiya."

Hadari ya haɗo, ga rumbu a buɗe, tsohuwa ko motsi. Dole aka kira shi, ya kama, aka ɗora tare.

Ta miƙa masa ƙwaryar kunu, ta ce, "Ɗana, sha ka ba na kusa da kai."

Dattijon ne a kusa. Ya karɓa, ya sha.