Ba a Gaya wa Tsohuwa Ba

Da yammacin wata Talata ta hunturu, Doreen Outhwaite ta ɗaura gyalenta ta haura tudu zuwa gidan dafa giyar da ta gada wurin mahaifinta, don ta yaɗe kumfar yis, abin da ke sa giya ta nuna, kafin duhu ya rufa. A wannan kwarin na Yorkshire, a arewacin Ingila, rana ba ta da kara. Tun ana ganin da sauran lokaci take tattara nata ya nata. Ana yayyafi, duwatsun hanya sun yi santsi. Ba a daɗe da binne mijinta Wilf ba, kuma har yanzu idan ta zo kwanar coci takan juya fuskarta wajen katanga.

A bakin ƙofa ta tarar da Stan Raistrick, tsohon masassaƙin ganguna, wanda ya yi wa ubanta aiki tun tana goye. Yana zaune a kan wata ganga, ga wasu jere a bayansa.

"Ga kayanki an dawo miki da su," in ji shi. "Daga mashayar bakin gada. Mai wurin ya ce ruwan wanke-wanken matarsa ma ya fi wannan giyar haske."

"Shi ne bai iya ajiya ba, Baba Stan. Girgiza ganga yake yi kamar mai kaɗa nono."

"To, na kasuwa fa? Na tasha fa? Duk garin ne suka manta sana'arsu rana ɗaya?" Ya ciro lofensa daga baki ya dube ta. "'Yar nan, ba ki gaya wa Tsohuwa ba."

Doreen ta kawar da kai ta dubi ƙofar.

Tsohuwa dai ita ce yis ɗin gidan. Tun zamanin kakan Doreen ba a taɓa sayo wani ba. A dafa ruwan tsiron sha'ir a tukunyar tagulla da furen hop mai ɗaci, a huce shi, a zuba a manyan kwamin dutse masu zurfin da ya shanye tsayin mutum, sai a saka Tsohuwa. Ta ci zaƙin, ta taso da kumfa, a yaɗe kumfar a ajiye don dahuwa ta gaba. Haka ake ta yi, uwa ta haifi 'ya, 'ya ta zama uwa. Rai gare ta, kuma abin da ke da rai a gida ba a ɓoye masa mutuwa. Idan wani na gidan ya rasu, wanda ya fi kusa da shi ne zai je ya ƙwanƙwasa dutsen, ya ambaci sunan mamacin, ya ce ya mutu, ba zai dawo ba. Matasa na dariyar abin, sai fa ranar da ya zo kansu. Doreen da kanta ta yi wa ubanta, idonta a bushe. Na Wilf ne ya gagare ta.

Wilf shi ke cika ganguna. Stan ya wanke su da tururi, Wilf ya sa hanci a bakin kowace ya sansana, ya jefa damƙin busasshen fure, ya ɗura giya da ranta, ya bi ta da farin ruwan nan mai yauƙi da ake yi da kayan cikin kifi don ya kwantar da guggubi, sannan ya kafa matoshin katako da guduma. Bugunsa daban ne: ƙanana biyu na lallashi, sai babba guda, ƙwal! Daga nan giyar takan ƙarasa nuna a ɗakin ƙasan mashaya, ta kwanta, ta yi garai-garai. Tun da ya rasu giyar ta ƙi kwanciya.

"Ni ma fa ina jin bugun gudumar nan ta Wilf da yamma," Stan ya ce a hankali. "Kunne ɗaya ne ya mutu mini, ba biyu ba."

"To ka ji ke nan. Yana nan."

"Wilf yana bayan coci, ni na ɗauki ƙafar akwatin gawarsa. Gidan ne bai sani ba, yana ta jiran mutum. Kuma gurbin da aka bari a buɗe ba ya rasa mai shiga."

"Idan na faɗa, shi ke nan fa, Baba Stan." Ta goge ruwan yayyafi daga fuskarta. "Shi ke nan ba ni da komai. Wannan bugun ne kawai ya rage mini."

"Idan ba ki faɗa ba, Tsohuwa za ta bi shi kafin ƙarshen wata. Ke ma ban ga alamar za ki daɗe ba. Dubi wuyanki kamar na kazar da ta sha ruwan sama."

"Je ka gida, tsoho. Shayinka na hucewa."

"Zan tafi in na gama lofena," in ji shi. Ya mayar da shi baki, ko wuta babu a ciki.

Ta tura ƙofa ta shiga. Ciki da ɗumi, da ƙamshin dusar sha'ir da aka kwashe da safe, da warin jiƙaƙƙen katako. Ma'aikata duk sun tashi. Walkin Wilf na fata yana rataye a ƙusarsa, ba wanda ya yi ƙarfin halin sauke shi. Ta shafa shi da bayan hannu ta wuce, ta hau matakala zuwa ɗakin kwamin.

Ta kunna fitila. Kwami biyu ne a ɗakin. Na hagu cike yake da sabuwar dahuwa. Da Tsohuwa na da lafiya, da yanzu kumfa ta taso ta yi tozo, fara sol, tana 'yar ƙara kamar ana soya abu a nesa. Abin da ta gani sai wata 'yar yana ce launin toka, a kwance, da wari mai tsami-tsami. Ta ɗauki faffaɗan ludayi ta taɓa, abin ya rabu kamar ruɓaɓɓen tsumma. Tausayi ya kama ta, da kunya.

Na dama kuwa an juye shi a ganguna da safe, ba a riga an wanke ba. Tsani na jingine a ciki. Kowa a gidan ya san wofin kwami ya fi cikakke haɗari, don numfashin Tsohuwa nauyi gare shi, yakan kwanta a ƙasa ba a ganinsa, mutum ya sauka ya shaƙa, bai ankara ba ya kife. Shi ya sa ake fara zura kyandir da igiya. In ya mutu, ba mai sauka.

Sai ta ji shi, daga can ƙasa, ɗakin cika ganguna.

Ƙanana biyu. Babba guda.

Ta ajiye ludayin ta lumshe ido. Abin da ya kawo ta ke nan, ba yaɗe kumfa ba. Kullum haka take yi, ta tsaya ta saurara har ya gama jerin gangunan, ta koma gida ta kwanta da abin a kunnenta.

Yau bai gama ba. A tsakiya ya tsaya.

Ta ji an ajiye guduma a kan katako.

Ta ji taku a matakala, taku mai nauyi, da ɗan jan ƙafar hagu. Katako na kuka ɗaya bayan ɗaya. Ƙofar ɗakin a buɗe take, tana kallonta, ba abin da ya shigo. Amma takun ya shigo. Ya wuce ta gabanta, da ƙamshin tabarsa da na furen hop.

Tsanin kwamin dama ya motsa. Ya yi ƙara, ya sake yi, ƙasa-ƙasa.

Shiru.

"Doreen."

Muryarsa ce, ba ko tantama, da 'yar shaƙewar nan tata. Daga cikin kwamin take fitowa.

"Doreen, sauko."

Tun ranar da ya fara aiki a gidan ubanta, Wilf bai taɓa kiran sunanta ba. "Ranki ya daɗe" yake ce mata, don tsiya, saboda 'yar mai gida ce. Ko a gaban limamin coci sai da ya raɗa mata shi ranar aurensu. Ta san wannan sarai. Duk da haka ta matsa.

Ta kunna kyandir, ta zura shi da igiya. Hasken ya bi bangon dutse yana sauka. Ya nuna mata mutum a tsugune a kusurwa, ya ba ta baya, da hular Wilf a kansa. Harshen wutar ya ƙanƙance, ya yi shuɗi, ya mutu.

"Kyandir ya mutu, Wilf," ta ce cikin raɗa.

"Rabu da shi. Sauko. Kin gaji."

Wallahi kuwa ta gaji. Ba wanda ya faɗa mata haka tun ranar jana'iza. Kowa sai ya ce ta yi ƙoƙari, ta daure. Ta ɗora ƙafa a kan tsani.

Dutsen da sanyi. Ƙwaurinta ya shiga duhu, sai gwiwa, sai ƙugu.

Hancinta ya fara zafi. Wani tsami ya cika mata baki. Kunnuwanta suka ɗauki ƙara.

Aka kama idon sawunta.

Hannun ba na Wilf ba ne. Na Wilf kaushi gare shi kamar bayan itace. Wannan laushi ne da shi, da sanyi, da yauƙi, kuma yatsunsa ba su da iyaka, sai zagaye ƙafar suke yi.

Ta duba ƙasa. Ya ɗago kai.

A ƙarƙashin hular, kumfa ce. Kumfa launin toka, ta yi hanci, ta yi kumatu, ta yi gemun Wilf. Inda ido ya kamata ya zauna, ƙwayoyin kumfa ne ke tasowa suna fashewa. Bakin ya buɗe, ba haƙori, ba harshe.

"Zauna kusa da ni," in ji muryar mijinta.

Kanta ya yi nauyi. Barci mai daɗi ya taso mata, irin wanda ta daɗe tana roƙo. Mataki ɗaya ya rage ta nutsa kai cikin numfashin.

Sai ta tuna ranar da ta leƙa kwamin nan ba kyandir, suna sabon aure. Wilf ya finciko ta da gashi, ya yi mata ihu har aka ji a titi, sannan ya zauna a ƙasa yana kuka kamar yaro.

Mutumin nan ba zai kira ta nan ba. Ko da kewarta za ta kashe shi sau goma.

Ta dunƙule hannu ta bugi dutsen. Zoben aurenta ya yi ƙara.

"Tsohuwa," ta ce. Numfashi bai ishe ta ba. Ta sake bugawa. "Tsohuwa, ki ji. Wilf Outhwaite ya mutu."

Riƙon ya ƙara tsauri.

"Ya mutu! Mijina ya mutu! Ba zai dawo ba!"

Fuskar ta rushe. Hanci ya zube, gemu ya narke, hular ta faɗi cikin duhu ba ƙara. Ƙafarta ta kuɓuta, hannunta ma ya saki tsanin.

Ba ta san lokacin da Stan ya hau matakalar ba, da gwiwoyinsa da ba sa lanƙwasa. Ta dai ji an caɓe wuyan rigarta, an ja ta a kan gefen dutse har fatar haƙarƙarinta ta saɓule. Ta farfaɗo a ƙasa kusa da taga, iska mai sanyi na dukan fuskarta, tsohon yana haki yana zaginta.

"Shashasha! 'Yar banza mai taurin kai! Da me zan je in gaya wa ubanki?"

Ta kama hannunsa ta fashe da kukan da ba ta yi ba a maƙabarta. Ya bar ta ta yi mai isarta. A bayansu, cikin kwamin hagu, wata 'yar ƙara ta soma tashi.

Kafin gari ya waye kumfa ta yi tozo har tana neman zuba. Gangunan da aka cika a makon suka kwanta tas, mai mashayar bakin gada ya aiko da gasasshen naman alade da ban haƙuri. Ba a sake jin guduma da yamma ba. Da aka sauka wanke kwamin, ba a sami hula ba, ba a sami komai ba. Tabon da ya zagaye idon sawun Doreen kuwa bai taɓa ɓacewa ba, kuma ko da bazara wurin da sanyi yake.

Amma ba wannan ne ya dame ta ba. Tana tuna fuskar Wilf, tana tuna hannuwansa, tana tuna duk wata tsiya da ya taɓa yi mata, kalma bayan kalma. Muryar ce babu. Abin nan na cikin kwami ya tafi da ita.

Wata rana da tsakar rana ta sami Stan yana ɗaure wa ganga zoben ƙarfe. Ta tsaya kusa da shi.

"Baba Stan, yaya ma yake faɗa? In zai kira ni."

Tsohon ya ajiye kayan aikinsa. Ya gyara murya, ya karkata kai yadda Wilf ke yi, ya shaƙe maƙogwaro iya ƙoƙarinsa.

"Ranki ya daɗe."

Ta girgiza kai. "A'a. Ba haka ba ne."

"To yaya ne, 'yar nan?"

Doreen ta buɗe baki za ta gwada masa. Ta tsaya a haka, bakinta a buɗe, tana saurare, har tsohon ya sunkuyar da kai ya ɗauki gudumarsa.