Yatsan Cindo na Shida

Ke Talatu, rage fitilar nan. Kai kuma Sallau, in ka san za ka jiƙa tabarmar Inna, tashi tun yanzu. To, ku matso.

Kun san tsohon nan mai zama gindin durumin kasuwa, hannun dama kullum cikin aljihu? Cindo magini ke nan. Da yatsa shida aka haife shi, shi ya sa sunan. A zamaninsa babu mai zanen bangon masallaci kamarsa. Da hannu yake zane, laka tana ɗanya. Ya ja dagi, ya ja ganye, ya ja tauraro. Sai dai duk inda hannun ya bi, ɗan yatsan nan sai ya bar karce a gefe, kamar sawun kiyashi.

Ba wanda karcen ya dama. Shi kuwa ya hana shi barci.

Ya yi yawon neman gwaninta. A Bida ya ga wani Banufe yana sassaƙa ƙofar masallaci, ya bar fure ɗaya a karkace da gangan. A Jos ya zauna da wani Bayarabe mai sassaƙa kujerun coci, shi ma sai ya bar wani lungu bai goge ba. Cindo ya tambaye shi dalili. Mutumin ya ce, "Aboki, Wanda nake yi wa aikin nan Shi kaɗai ne ba Shi da aibi. Ni wane ne?"

Cindo ya ce, "Ku azumin nafila kuke yi. Ni yunwa ce."

Da ya dawo, gari ya ba shi bangon alƙibla na sabon masallacin Juma'a. Ya rantse wannan karon ba karce.

Ran nan laka ta ƙare masa da tsakar rana. Kowa ya shige inuwa. Ya ɗauki kwando ya nufi kududdufi shi kaɗai.

Shiru. Ko kurciya babu.

"Sannu da aiki, magini."

Mutum ne a gabansa, dogo, da farar riga. Amma muryar ta bayan kunnensa ta fito.

"Yawwa, baƙo. Daga ina?"

"Daga nan."

"Ban san ka ba."

"Ni na san ka. Ina salla a masallatanka, in kun fita."

Baƙon ya taho. Ta tsakiyar kwaɓaɓɓiyar laka ya biyo, wadda ko kaza ta taka sai ta nutse. Cindo ya dubi ƙasa. Lakar tana nan sumul. Ba sawu.

Sallau, kana cewa me ya sa bai gudu ba? Kai da kyankyaso ya kora daga banɗaki jiya, da kai ne da mun ji labari. Shi dai yana nan tsaye. A'uziyya ma ta ɓace masa.

Baƙon ya ce, "Karcen nan yana damun ka."

"Yana damu na."

"Ba ni yatsan."

"Ka yi me da shi?"

Baƙon ya dubi lakar. Sannan ya ce, "Na ga masu yi wa Ubangiji ado a ƙasashe da yawa. Masu dutse, masu itace, masu zare. Kowa ya taɓa abu, abin ya nuna. Mu ba ma barin sawu. Ina so in taɓa abu sau ɗaya, ya nuna."

Ya miƙo hannu kamar mai gaisuwa.

Cindo ya tuna bangon alƙibla. Ya miƙa nasa.

Sanyi ya ji, irin na ruwan randa. Ba jini, ba zafi. Da ya duba, yatsa biyar, gefen hannun sumul kamar lakar nan. Baƙo kuwa babu shi.

Ya koma ya hau tsani. Bangon da ya zana, ni ban gani ba, amma Kawu Nomau ya gani, kuma har ya mutu in an tambaye shi sai ya kau da kai.

Ranar Juma'a masallaci ya cika. Liman Ɗahiru ya yi kabbara, ya soma Fatiha, ya ɗaga ido. Sai ya tsaya a tsakiyar aya. Ladan da zai tuna masa, shi ma bango yake kallo. Zanen ba shi da inda ido zai tsaya ya fita. Layi ya kai ka layi, ya dawo da kai. Sahu-sahu mutane suka tsaya, hannu a ƙirji, har inuwa ta juya. Ba wanda ya yi ruku'u.

Wata makauniya ce daga waje ta ɗaga murya: "Wai yau ba za a sallame ba?" Sannan suka farka.

Liman ya kira Cindo, idonsa da hawaye. "Malam Cindo, mun zo gaban Allah, bangonka ya tsaya tsakani. Shafe shi."

Da hannunsa ya yaɓe shi.

Ya gwada yin kuskure da gangan, irin na Banufen nan. Hannun ya ƙi. Ya rufe ido ya ja, layi ya fito daidai. Ya yi wa wata tsohuwa murhu, tuwo ya ƙone tana kallon murhu. Daga nan ko akurkin kaji ba a ƙara ba shi ba. Malamai sun yi rubutu, sun yi tofi. Ɗaya ya gaya masa gaskiya: "Abin da aka ƙwace ake roƙo a dawo da shi. Kai bayarwa ka yi."

Har yau, in rana ta take, yana zuwa kududdufin ya yi sallama. Ba a amsawa. Sai dai ya tarar da lakar bakin ruwa cike da ƙananan karce, nan da can, kamar sawun kiyashi. Wani yana ta wasa da yatsan nan.

Don haka kada in ji ɗayanku ya bi hanyar kududdufi shi kaɗai da tsakar rana. In kuma wani ya ce zai raba ku da aibinku kyauta, ku dubi ƙasa kafin ku dubi fuskarsa.

Talatu, daina kallon haƙorina. Na san a karkace yake. Ba na bayarwa.