Goyon Tajuddeen

Kwana da kwanaki Inna Mas'uda ba ta ci tuwon kirki ba, tun da magana ta iso Rawayya cewa ɗanta Tajuddeen yana goyo a Gusau. Matarsa Shafa'atu ta haifi bakwaini, wai kuma shi ke ɗaure jaririn da zani.

"Mallaka ce," in ji Baffa Ɗanlami, wan marigayi mijinta. "Sun hana wanka, sun hana a cire belu. Ko ya kawo yaron wurin wanzami, ko ya sake ta ta koma Tsafe."

Inna ta hau mota sai unguwar Tudun Wada a Gusau. Tana sallama ta tsaya cak. Ga Tajuddeen bisa tabarma ba riga, zanin matarsa ɗaure a ƙirji, wani ɗan kai kamar lemu ya leƙo cikin hula.

"Innalillahi! Kai ne haka? Ai saura ɗankwali."

"Sannu da hanya, Inna — a hankali, ya samu barci."

Shafa'atu ta fito tana dafa bango saboda ɗinkin tiyata, hawaye shaɓe-shaɓe. "Wallahi Inna, ba ni na sa shi ba."

"Nas ce," in ji Tajuddeen. "Da aka fiddo shi daga kwalba ta ce ɗumin jikinmu ne kwalbarsa yanzu. In ya yi sanyi mun rasa shi. Aska kuwa ba ta taɓa shi."

"Baffanka ya ce ka sake ta."

"Matar da aka tsaga wa ciki don ɗana? Zauna, Inna."

Ya kwance zanin, ya sa mata yaron cikin riga. Duk haihuwar da ta yi, ba ta taɓa riƙe mutum mara nauyi haka ba, ga 'yar zuciyarsa tana bugawa a jikin tata.

Ba ta koma Rawayya ba. Suka riƙa karɓa-karɓa su uku, har yaro ya kama nono, sikelin asibiti ya fara ba da labari mai daɗi. Namijin da ya jure dariyar mutane don iyalinsa, Allah ba ya kunyata shi.

Sai dai Baffa ya aiko wa Inna: ranar Juma'a yana tafe da wanzami, in ta tare ƙofa kada ta sake taka gidansu. Ita kuwa ba ta taɓa ɗaga ido ta dube shi ba. Masu karatu, don Allah, me za ta ce masa?