Asabar ta Ƙarshe a Layin Masu Fure

"Yau ma ba ki gaya mata ba ko?"

Amarya ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da juya farin wardin da ke cikin bokiti kamar mai neman wanda ya fi kyau, alhali ko ganinsu ba ta yi sosai.

"Na so in faɗa jiya... sai ga shi ta tashi da ciwon ƙafa."

"Wancan satin ciwon kai ne," in ji Mai Fure. Ya ajiye almakashin da ke hannunsa. "Shekara biyu fa, rabin raina. Shekara biyu ina ganinki minti goma a sati, kamar mai ziyarar fursuna."

"Ka rage murya, don Allah."

Ta waiwaya. Tsohuwar kasuwar ta cika ta batse kamar kowace Asabar. Hasken safiya na zubowa ta ramukan rufin kwano, ƙasa duk danshi, ƙarnin layin masu kifi na kokawa da ƙamshin fure. Can gindin wani ginshiƙi da ya sha shekaru, Umma na zaune a bencin mai kayan miya, ta miƙe ƙafarta mai ciwo, tana latsa tumatir ɗaya bayan ɗaya.

Umma uwar mijinta ce. Shekara huɗu ke nan da mota ta kashe mata ɗanta namiji tilo, ta bar Amarya da jaririya a hannu. Har yau Umma ba ta daina kiranta Amarya ba, kamar jiya aka kawo ta. Ita kuwa marainiya ce, ba ta da gidan komawa, kuma ba wanda ya taɓa nuna mata ƙofa. Umma ta damƙa mata makullan gida duka, ta ce, "Ke ce ɗana yanzu, ke ce 'yata." Ita ke yi mata allurar suga kowace safiya, ita ke karanta mata rubutun jikin magani tun da idonta ya fara hazo. 'Yar Umma ta cikinta tana aure a wata ƙasa, sai dai waya ranar Lahadi.

Furen ma don Umma ake saye. Marigayin ne ya saba kawo mata, da ya tafi sai Amarya ta ɗora. A nan ta san wannan dogon mutumin mai hannu duk tabon ƙaya, wanda ya fara da tambayar lafiyar tsohuwa, ya ƙare da zama dalilin da take sa kwalli ranar Asabar.

"Ki saurare ni," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Baba ya faɗi a lambu ranar Talata. Ɓarin jikinsa ya mutu. Ba kowa a wurin sai ƙanwata, ga shuka na bushewa. Na sallama rumfar nan. Asabar mai zuwa zan koma gida gaba ɗaya."

Wardin ya suɓuce daga hannunta ya koma cikin ruwan.

"Gaba ɗaya?"

"Tafiyar yini guda ce a mota. Ki ba ni izini in turo manyana. Ki taho da 'yarki, ta yi gudu a cikin lambu son ranta."

"Umma fa?"

"Umma ba ita ta haife ki ba."

Sai yanzu ta dube shi, ido cikin ido. "Kar ka sake faɗin haka. Ranar da na yi naƙuda, zaninta ta shimfiɗa min a ƙasan asibiti."

Ya shafa fuskarsa da hannu biyu. "Ki yi haƙuri. Zafi ne ya yi min yawa."

Ta karɓi furen da ya naɗe mata a takarda, ta juya. Da a ce Umma muguwa ce, da tuni ta tafi. Da ko sau ɗaya ta taɓa yi mata gori, da ta riƙe wannan ta fice da shi. Amma yaya mutum zai gudu daga gidan da ba a taɓa rufe masa ƙofa ba?

Mai kayan miya, wata mata mai ƙiba da baki kamar rediyo, ta hango ta ta washe haƙora.

"Hajiya, wannan surukar taki sai kin sa mata kwaɗo. Fure ƙwaya biyar ake zaɓa tun ɗazu, ni har na sayar da kwandon albasa."

Umma ba ta yi dariya ba. Ta ajiye tumatirin da ke hannunta, ta lalubi sandarta.

"Kama ni, Amarya. Kai ni wurin mai furen nan."

"Umma, ai na sayo..."

"Na ce ki kai ni."

Taku talatin ne tsakaninsu da rumfar, amma Amarya ji ta yi kamar ana jan ta zuwa gaban alƙali. Mai Fure ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, ya jawo mata kujerarsa. Umma ta zauna tana haki, ta daɗe tana kallonsa da idanunta masu hazo.

"Idona ne ya mutu, yaro, kunnena yana nan. Tun bara na san da maganarku. Duk Asabar muryar yarinyar nan daban take, har waƙa take min a kicin."

Amarya ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan takardar furen.

"Umma, aurenta nake so," ya ce. "Ba raba ku zan yi ba. Gidanmu na da ɗakuna. Ki taho mu tafi tare, in riƙe ki kamar uwata."

"Allah ya yi maka albarka." Ta girgiza kai a hankali. "A tsakar gidan nan ɗana ya yi rarrafe. Ta ƙofar nan aka fita da shi. Ni ma ta nan za a fita da ni. Kai za ka iya barin mahaifinka a kwance ka zauna a nan?"

Ya dubi ƙasa.

"To ka gani." Ta juya wajen Amarya, ta lalubo hannunta. "Je ki, 'yata. Ba zan yi miki baki ba. Ki tafi da yarinyar ma, ɗa na uwarsa ne. Ni zan sami mai kula da ni."

Bakinta ne ya faɗa. Hannun da ke riƙe da na Amarya kuwa ya ƙanƙame ta har farce na shiga fata, kuma tsohuwar ba ta ma san tana yi ba.

Amarya ta dubi hannun. Ta dubi mutumin da take so, wanda idanunsa suka kaɗa suka yi ja. Ta ji amsar ta zauna mata a ƙirji tun kafin ta buɗe baki.

"Ba zan iya ba," ta ce da shi. "Ka yafe min."

"Zan jira ki. Ko shekara nawa ce, masoyiyata, zan jira."

"Kar ka jira." Ta girgiza kai. "In ka jira, mutuwarta muke jira ke nan, ni da kai. Ba na son wata rana in tashi in kama kaina ina ƙirga mata kwana. Ka je ka kula da Baba. Ka yi aure... ka sami wadda za ta riƙe ka da kyau."

Wata mata ta tsaya tana tambayar ko akwai jan wardi, ba wanda ya amsa mata, ta gaji ta wuce.

Amarya ta ɗaga Umma, ta rataya kwandon cefane a ɗaya hannun. Suka bi ta layin masu lemo, a hankali, tana kauce mata ramuka da ɓawon ayaba. Ba ta waiwaya ba, don ta san in ta waiwaya ƙafarta ba za ta ƙara gaba ba.

Sai da suka shiga tasi a bakin babbar ƙofa Umma ta yi magana, fuskarta na kallon taga.

"Da na ce ki tafi... wallahi na so ya zama har zuciyata."

"Na sani, Umma."

"Na ci amanar ƙuruciyarki, 'yar nan."

"Ba ki ci ba. Ni na zaɓa."

Tsohuwar ta jawo kan Amarya ta ɗora a kafaɗarta, suka yi ta kuka su biyu, kowa da nata. Direban ya rage rediyo, ya jira har suka ɗan lafa, sannan ya tambaya ina za a kai su.

Amarya ta goge fuska da gefen mayafi, ta faɗa masa sunan layinsu.

Mai Fure ya tafi ranar da ya ce, ba ta ƙara ganinsa ba. Bayan shekara uku ta ji a bakin mai kayan miya cewa ya yi aure, har an haifa masa namiji. Ta ce Allah ya raya, ta biya cefanenta, sai da ta isa gida ta shiga banɗaki ta buɗe famfo don kada a ji ta.

Umma ta ƙara shekara tara a duniya. A cinyar Amarya ta cika, wata safiyar Laraba, tana riƙe da hannunta.