Taku Ashirin Ƙasa da Bututu

Da yammacin Asabar Auta na zaune a falon mahaifiyarta tana goge dogon takalmin robar da take aiki da shi, sai ga sallamar Hajiya, mahaifiyar saurayinta Dogo. Saura wata biyu a ɗaura musu aure. Ta yi wuf ta tura takalmin bayan kujera, ta durƙusa ta gaishe ta.

"Na riga na gani," in ji Hajiya tana dariya. "Amarya da takalmin masunta! Allah mai iko."

Auta ta yi murmushi kawai. Wata goma sha ɗaya ke nan da ma'aikatar muhalli ta ɗauke ta cikin waɗanda suka gama jami'a, da ake zagayawa da su sashe-sashe, kowane wuri wata huɗu. Ta yi sashen shara, ta yi ɗakin gwaji, yanzu tana sashen duba ruwa. Duk inda ta je, kafin a riƙe sunanta lokacin tashi ya yi, shi ya sa ko'ina Sabuwa ake ce mata. Ba ta da teburin kanta, kofin shayinta ma a jaka yake zama.

Hajiya ta gyara mayafi. "An ce jibi za ku je masana'antar sabulun Alhaji, kuma ke ce mai ɗibar ruwan."

"Ni ce, Hajiya. Na gaya wa ogana gidan surukaina ne, ya ce babu wani, sauran suna hutu."

"To, ai Allah ne ya kawo ki! An gaya wa Alhaji in aka ɗiba sama da bututun da ke zuba a kogi, tas yake fitowa a gwaji. Taku ashirin ne fa kawai, 'yata. Kogi ɗaya, ruwa ɗaya."

Auta ta sunkuyar da kai. "Hajiya, a ƙasa da bututu ake ɗiba. Can mutane suke ɗibar na sha."

"Wa zai sani?"

Hajiya ta tashi, ko ruwan da aka kawo mata ba ta taɓa ba. Sai da ƙarar motarta ta ɓace sannan Inna, mahaifiyar Auta, ta yi magana a hankali.

"Ni ban yi boko ba. Amma hannun da zai sa hannu a takardar nan naki ne, kuma shi za a tambaya."

Ranar Litinin suka isa bakin kogin da kwalabe da kular ƙanƙara. Oga ya zauna a mota yana waya, direba ya tafi neman inuwa. Babu mai kallonta sai Dogo, da ke tsaye a bayan katangar masana'antar mahaifinsa.

"Auta, don Allah," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Sau ɗaya tak. Wallahi Baba ko abinci ba ya iya ci."

Ta dube shi, ta dubi ruwan da ke sama da bututu yana gudu garai-garai. Sannan ta juya ta gangara, tana ƙirga takunta kamar mai tafiya gidan makoki. A nan farin kumfa ya rufe gaɓa, wari na hawa kai, ga wata mata can gaba tana ture kumfan da hannu tana cika jarka. Auta ta kurkure kwalba sau uku kamar yadda aka koya mata, ta cika, ta liƙe baki, ta rubuta lokaci, ta sa hannu. Da ta ɗago, Dogo ba ya wurin.

Bayan mako biyu gwaji ya nuna ruwan ya gurɓata, aka garƙame masana'antar, aka ce sai an gina ramukan tace ruwa. Hajiya ba ta zo ba, waya ta bugo wa Inna, har Auta na jiyo ta daga ɗaki.

"Tun ba ta shigo ba ta rufe mana ƙofa! In ta shigo fa? An ɗaga biki, sai abin da hali ya yi!"

Auta ta kifa kai a cinyar Inna ta yi kuka har ta gode wa Allah. Ta kira Dogo sau bakwai, bai ɗauka ba.

Ana cikin haka zagayen ya sake juyowa, aka tura ta gandun renon itatuwa, tafiyar awa takwas daga gida. Ɗaki ɗaya aka ba ta, da gadon ƙarfe da taga mai kallon layukan baƙaƙen ledoji cike da ƙasa. Abokin hirarta wani tsoho ne mai ban ruwa, shi ma kunnensa ya yi nauyi. Waya ba ta kamawa sai a gindin tankin ruwa. Kullum bayan la'asar za ta je ta tsaya a can, ta ɗaga wayar sama. Saƙon Inna ne kaɗai ke shigowa: ki ci abinci, ki riƙe salla, ki yi haƙuri.

"Sabuwa!" tsohon kan ƙwala mata kira. "Bar wayar nan, ba ta tsiro! Zo ga masu jiran ki."

Sai ta share ido ta ɗauki butar ban ruwa.

A wata na huɗu, tana durƙushe tana cire ciyawa, inuwa ta tsaya a kanta. Dogo ne. Ya yi baƙi, ya rame, tafin hannunsa duk kanta. Ya miƙo mata kwalbar ruwa.

"Daga ƙasa da bututu," ya ce. "Sau uku na kurkure."

Ta karɓi kwalbar.

"Wata guda na yi ina fushi da ke. Sai wata rana na gangara na tsaya inda kika tsaya, na ga abin da matan nan ke kai wa 'ya'yansu. Kunya ta hana ni kiran ki. Na ce sai na haƙa ramukan nan da hannuna. An gama, abokan aikinki sun gwada, an buɗe mana."

Auta ta ɗaga kwalbar ta duba a hasken rana, hawaye na zuba.

"Awa nawa ka yi a hanya?"

"Takwas."

"To sampul ɗinka ya lalace, malam. Awa shida ne ƙa'ida, kuma ko ƙanƙara ba ka sa ba."

Dogo ya fashe da dariya har ya zauna a ƙasa. "Sori, ranki ya daɗe! Af, Hajiya ta ce in roƙar mata gafara. Ta kuma ce in tambayo lambar takalmin masuntan nan, za ta sa sabo cikin kayan aure."

An ɗaura auren bayan ta kammala zagayenta, aka ba ta teburinta a sashen duba ruwa, kofin shayi ya fita daga jaka.

'Ya'yana, amanar da aka ba ku a inda babu mai ganin ku, nan ne ake gane ko ku su wane ne. Auta ta sha kaɗaici wata huɗu saboda taku ashirin, amma Allah bai bar ta ba. Wanda ke son ki da gaskiya, ko ya yi fushi, zai gangaro ya same ki a inda kika tsaya.